Ciwon yana kai, ƙullin yana kafaɗa: lamarin wani tela a Garwa

Mako biyu bayan ƙaramar Sallar 2024 ƙanensa ya kawo shi a bayan babur. Tela ne mai surfani, shekarunsa 48, shagonsa ba nisa da babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru. Sunansa ba zai fito a nan ba, da wannan sharaɗin ya yarda in rubuta. Ya shigo ɗakin da nake aikin gashi da motsa jiki, wanda mutanen gari ke ce wa wurin "kine" da bakin Faransanci, hannunsa riƙe da baƙar leda. Ko zama bai yi ba ya zazzage ta a kan tebur: katin asibiti biyu, takardun gwajin jini, ragowar maganin zazzaɓin cizon sauro, farasitamol, diklofenak, kwalbar man zafi da ta kusa ƙarewa, da wani fallen tramol da ya yi sauri ya tura ƙarƙashin takarda.

"Likita, kaina ne," in ji shi. "Wata uku ke nan. An ce sauro, na sha magani. An ce taifot, na sha. An ce rana ce da azumi, to ga azumi ya wuce. Yanzu kuma an turo ni wurin masu tausa. Ni dai ban ga abin da ya haɗa kifi da kaska ba."

Na ce, "Baba, zauna tukuna. Nuna mini da yatsa inda yake bi."

Ya ɗora manuniya a bayan kunnen dama, ya ja ta sama ta zagaya kunnen kamar ƙugiya, ta sauka a gefen goshi, ta tsaya a bayan ido. Wani lokaci, ya ce, har kusurwar muƙamuƙi yake ji, shi ya sa ya taɓa zuwa a duba masa haƙori. Ciwon ba ya bugawa irin na ɓarin kai, ba amai, haske ba ya damunsa. Nauyi ne kawai, kamar an naɗa masa rawani an tamke gefe ɗaya. Da asuba da sauƙi. Kafin la'asar ya cika. Sai ƙanen ya sa baki daga bakin ƙofa: "Ran Juma'a fa ba ya kuka da shi sosai." Ran Juma'a kuwa rabin wuni yake yi a shago. Wannan maganar ta ƙanen ta fi duk takardun da ke kan tebur amfani a wurina.

Abin da aka fara kawarwa

Ba a fara taɓa tsokar mai ciwon kai sai an tabbata ba wani abu mafi muni ba ne. Garwa tana cikin yankin nan na sanƙarau da ya miƙe daga Senegal har Habasha, watannin zafi da ƙura kuwa su ne lokacinsa. Babu zazzaɓi a jikinsa, haɓarsa tana taɓa ƙirji ba gardama. Jininsa bai hau ba. Hannu da ƙafa da ƙarfinsu, baki bai karkace ba, magana ba ta sarƙe, bai rame ba, ciwon kuma bai faɗo masa farat ɗaya kamar tsawa ba. Likitar da ta turo shi ta riga ta duba duk waɗannan, na sake dubawa don hankalina ya kwanta. Da ɗaya daga ciki ya bayyana, da wurinta zan mayar da shi a ranar.

Taifot ɗin da aka ce yana da ita da gwajin Widal aka gano ta, gwajin da ya yi ƙaurin suna wajen nuna cutar a jikin da ba ta ciki. Na bar wannan a nan.

Da ya tuɓe riga sai ga sawun ƙaho, biyu a ƙeya, ɗaya a gefen goshi, tsagar ba ta gama warkewa ba. Ya ce ya ji daɗi kwana biyu, sannan ciwon ya dawo. Ban ga laifin wanzami ba, inda aka nuna masa ya kafa. Abin da kawai na tambaya shi ne ko sabuwar reza aka ɓare a gabansa, saboda ciwon hanta. Ya ce sabuwa ce.

Abin da yatsa ya samu

Na tsaya a bayansa. Kafaɗar dama ta ɗara ta hagu tsawo, kamar mai shirin cewa oho. Na ce ya kai kunnen dama kan kafaɗa, ya kai lafiya. Na hagu kuwa rabin hanya ya tsaya, wani abu yana riƙe shi daga dama.

Akwai wata faffaɗar tsoka da ta taso daga ƙeya, ta bazu zuwa kafaɗu biyu, ta gangara tsakiyar baya. A littattafan likitanci trapeziyus ake kiranta. Gefenta na sama shi ne naman nan da ake kamawa tsakanin wuya da kafaɗa. Na kama na hagu tsakanin babban yatsa da sauran, laushi kamar ƙullun fanke. Na kama na dama. A cikin naman akwai wani zare mai tauri, miƙe kamar tsirkiyar baka. Na bi shi a hankali, sai na ci karo da wani ɗan ƙulli da bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. Na matsa.

Ya zabura har kujera ta yi ƙara. "Wash! Me ka soka mini?"

"Yatsa ne, Baba. Yi haƙuri, kada ka motsa. Faɗa mini abin da kake ji."

Ya yi shiru kamar na daƙiƙa goma. Sai hannunsa ya tashi da kansa, ba zuwa kafaɗar da nake matsawa ba, zuwa gefen goshi.

"Likita, tsaya. Shi ne. Wallahi shi ne, ga shi yana hawa ido."

Na saki, ciwon ya sauka. Na sake matsawa, ya sake hawa. Ƙanen ya matso yana leƙe, yana neman abin da na ɓoye a tafin hannu.

Wannan "shi ne" ita ce hujja mafi ƙarfi da muke da ita a wannan aiki. Ƙulli mai zafi kowa na iya samunsa a kafaɗarsa, ka matsa na mutum goma a kasuwa da yawansu za su yi tsaki. Amma a matsa wuri ɗaya, ciwon da mutum ya yi wata uku yana fama da shi ya tashi a wani wuri dabam, shi da kansa ya shaida shi, wannan wani abu ne. Hoton ƙashi ba ya nuna ƙullin, gwajin jini ba ya nuna shi. Na ƙara samun wani ƙarami a saman kusurwar allon kafaɗa, wanda shi ciwonsa a wuya yake tsayawa.

Turawa sun ba irin wannan ƙulli sunan kunamar bindiga, da Ingilishi da Faransanci duka, kuma sunan ya dace: a nan ake taɓa kunama, can harsashi ke faɗawa. Da na gaya wa Baba haka dariya ya yi, ya ce shi dai ɗaya kunamar ya ji, mai harbi da wutsiya.

Daga ina aka san wannan

A 1938 wani likita a Landan, Jonas Kellgren, ya riƙa tsira ruwan gishiri mai ƙarfi a cikin tsokoki, nasa da na waɗanda suka ba da kansu, yana rubuta inda kowa ya ji zafin. Ya ga sau da yawa zafin yana fita nesa da inda allura ta shiga, kuma kowace tsoka tana da wurin da ta saba aikawa. Wadda ta ɗauki maganar ta yi rayuwarta a kai ita ce Janet Travell, likita 'yar Amurka, wadda ta fara rubutu a kan waɗannan ƙulle-ƙulle tun 1942. Ita ta yi jinyar ciwon bayan John Kennedy tun yana sanata, da ya zama shugaban ƙasa a 1961 ya ɗauke ta likitarsa. A 1983 ita da David Simons suka fitar da babban littafin da ya zana taswirar tsokoki da inda kowace ke jefa ciwonta. Ƙugiyar da Baba ya zana da yatsa a gefen kansa tana cikin wannan taswira, kusan layi bisa layi, shi kuwa bai taɓa jin sunan matar ba.

Yadda ake bayanin ƙullin shi ne: a inda jijiyar saƙo ke haɗuwa da tsoka akwai sinadarin da ke ba ta umarnin ta tsuke, asetilkolin. In tsoka ta daɗe a ɗame ba hutu, wasu 'yan zaruruwa sukan tsuke su ƙi saki. Tsukewar ta matse ƙananan hanyoyin jini, iskar oksijin ta ragu, tsoka kuwa sai da kuzari take iya saki, ba tsukewa kaɗai ke cin kuzari ba. Abu ya zama kwan-gaba kwan-baya. A 2005 Jay Shah da abokan aikinsa a Amurka suka zuƙo ruwa daga cikin irin wannan ƙulli a wannan tsoka ta kafaɗa da wata siririyar allura, suka tarar ya fi na lafiyayyar tsoka tsami, kuma sinadaran da ke tayar da jijiyoyin jin zafi sun fi yawa a ciki.

To me ya kai ciwon goshi? Saƙon zafi daga saman wuya da saƙon zafi daga fuska da kai tasha ɗaya suke sauka a saman laka kafin su wuce ƙwaƙwalwa. In saƙo ya yi yawa, ƙwaƙwalwa takan ruɗe da inda ya fito. Irin wannan ruɗewa ce ke sa mai ciwon zuciya ya ji zafi a hannun hagu.

Sai dai ba duka masana suka yarda ba, kuma bai kamata in ɓoye ba. A 2015 John Quintner da wasu abokansa biyu suka rubuta suka mai zafi, suka ce ba a tabbatar ƙullin ne tushen ciwon ba, mai yiwuwa jijiyoyin ne suka zama masu saurin tashi, taurin tsokar kuma ya biyo baya. An kuma gwada a sa ƙwararru su laluba mutum ɗaya kowa shi kaɗai, aka ga ba kullum suke dacewa a wuri ɗaya ba. Ina ganin masu sukar suna da gaskiya a abu guda: mu masu wannan sana'a muna da saurin ganin ƙulli a ko'ina, kamar yadda mai gwajin Widal ke ganin taifot. Shi ya sa ban yarda da yatsana shi kaɗai ba sai marar lafiya ya ce "shi ne", sannan in ga ko magani ya canza wani abu da za a iya aunawa.

Shagon

Na yi masa aikin farko a ranar, amma na ce zan biyo ta shago da yamma. Ruwa ba ya tsami banza.

Shagon ɗaki ne ɗaya mai rufin kwano, keke uku, yara biyu masu koyo. Ƙwan lantarki ɗaya ne, a bayansa yake, inuwar kansa tana faɗawa daidai kan allura. Kujerarsa wani ɗan benci ne da ƙafafunsa suka cinye, teburin keken ya yi masa tsawo, sai ya ɗaga kafaɗar dama kafin gwiwar hannu ta hau. Na ce ya yi aiki kamar ba na nan. Ya ja wuyan wata shadda ruwan toka, ya fara bin zanen. Cikin minti biyu hancinsa ya kusa taɓa ƙyallen. Kan babban mutum ya kai kilo 5, in ya zauna daidai a kan wuya ƙashi ne ke ɗauke da shi, in ya leƙa gaba tsokokin ƙeya da kafaɗa ne ke riƙe shi kamar mai riƙe guga cike a bakin rijiya.

"Baba, wa ke zura maka zare a allura?"

Ya nuna ƙaramin yaron da haɓa. "Shekara biyu ke nan. Idon ya fara tsufa."

Bayan shekara 40 ganin kusa yana raguwa ga kusan kowa, ba cuta ba ce. Shi bai taɓa sa tabarau ba, wai kada a ce ya tsufa.

Ana cikin haka waya ta yi ƙara. Bai tsayar da keke ba. Ya ɗauka ya maƙale ta tsakanin kunnen dama da kafaɗa, yana ba wata Hajiya haƙuri da Fillanci a kan ɗinkin da bai gama ba, ƙafa tana taka keke, hannu biyu suna juya shadda. Minti shida na ƙirga. Da ya ajiye, yaron ya ce ai wannan kaɗan ne, in an ɗauke wuta da dare haka yake maƙale tocila. Azumin 2024 ya faɗo a Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke wuce digiri 40, ga ɗinkin Sallah ya taru. Daga bayan tarawihi har sahur yake kan keke, kusan wata guda.

Magani

Ƙanen ya so a yi allura a gama. Mutanenmu sun yarda da allura fiye da komai, in ba a tsira maka ba kamar ba a duba ka ba. Ana yi kuwa. Travell da maganin kashe zafi take tsira ƙullin, sannan a 1979 Karel Lewit, wani likita a Prag, ya nuna cewa allurar ko ba magani a cikinta tana aiki, in ta sami wurin. Tsokar takan yi wani ɗan zillo in an dace. Amma sauƙin da take bayarwa galibi na ɗan lokaci ne, kuma a wannan wuri akwai haɗari na gaske: ƙololuwar huhu tana leƙowa sama da ƙashin nan da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa da kamar santimita 2 zuwa 3. Allurar da ta karkace tana iya huda shi iska ta taru a ƙirji. Duk wanda ya bari mai kemis ko wani ɗan unguwa ya soka masa allura a nan, da ransa yake wasa. Na ce mu fara da hannu, in ya ƙi sai a sake shawara. Ba mu kai ga allura ba.

Aikin hannun ba shi da wani asiri. Tawul mai ɗumi minti goma. Sannan in kama ƙullin in matsa a hankali har zafin ya kai inda zai iya daurewa ba tare da ya ɗauke numfashi ba, in tsaya a nan minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Zafin yakan ragu da kansa, naman ya saki a ƙarƙashin yatsa kamar man shanu a rana, sai in ƙara shiga kaɗan. Sau uku. Ba murza ba ce ta ƙarfi, masu murza da gwiwar hannu har mutum ya kwana da tsami ƙara tayar da wurin suke yi. Bayan haka miƙewa: ya zauna a kan tafin hannun dama don kafaɗar ta sauka, ya kai kunnen hagu wajen kafaɗar hagu, daƙiƙa 30, sau uku. Na koya masa ya kama ƙullin da hannun hagunsa, na ƙaramin kuma ya sa ƙwallon tanis a cikin safa ya jingina da bango. Don kada ya manta, muka ɗaura abin a kan salloli biyar: in ya idar, kafin ya tashi daga darduma.

Sauran maganin kafinta ne da mai tabarau suka yi shi. An ƙara wa bencin katako biyu, tsawon ya ƙaru da kamar faɗin tafin hannu, kafaɗa ta sauka. An mayar da ƙwan gabansa ta hagu, ya sayi fitilar caji mai tsayawa da kanta. Waya a buɗe murya a ajiye ta kan tebur, ko Hajiya ta jira. Tabarau ne muka fi shan fama, sai da matarsa ta sa baki. Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa a nan, ita kanta Travell ba allura kaɗai ta yi wa Kennedy ba: ta sa an ƙara wa takalminsa ɗaya tsawo, ta kuma zaɓa masa kujera mai lilo, wadda aka riƙa ganinsa a kai a hotuna.

Maganar ƙwayoyi kuwa wurin likitarsa na mayar da ita. Diklofenak da yake haɗiya da sahur ya fara sa masa zafin ciki, ga haɗarinsa ga ƙoda a wannan zafi da ƙarancin shan ruwa. Akwai kuma abin da mutane ba su cika sani ba: mai ciwon kai da ke shan maganin ciwo kwana 15 ko fiye a wata, ko kwana 10 in irin su tramol ne, in ya zarce wata uku a haka, maganin kansa yana iya zama mai riƙe ciwon. Baba yana bakin wannan iyaka. Tramol ɗin wani ɗan acaɓa ne ya ba shi, ya ce yana sa a yi aikin dare ba gajiya. Mako uku ya yi yana sha. Likitar ta janye masa shi sannu a hankali.

Yadda ta kaya

Ranar farko ya ba ciwon maki 7 cikin 10, kuma kullum ne. Muka yi zama shida cikin mako uku. Bayan na biyu ya dawo yana ƙorafi, kafaɗar ta yi tsami kwana guda, ciwon kan kuma yana nan. Bayan na huɗu ya ce kwana uku a jere bai ji komai ba, har ya manta da ledar. A zama na shida kunnen hagu yana sauka daidai da na dama, ciwon bai fi sau ɗaya a mako ba, maki 2 ko 3. Ba zan iya raba wa hannuna da benci da tabarau da barin ƙwaya ladan kowa ba, lokaci ɗaya aka yi su, ga shi kuma aikin Sallah ya wuce ya samu barci.

Gwajin gaskiya ya zo da babbar Sallah a tsakiyar Yuni. Saura kwana biyar sai ga shi, wannan karon shi ya tuƙo babur ɗin. Ciwon ya dawo, maki 5. Bencin yana nan, tabarau yana hanci, amma ya koma kwanan keke, miƙewar bayan salla kuma ta bi ruwa.

"Na san laifina, Likita, ba sai ka faɗa ba," ya ce, yana tuɓe riga. Ya kai hannun hagu ya kama wurin ba lalube. "Ga ta nan. Na matsa da kaina ta sauka, amma ba ta saki duka ba."

Zama biyu ya isa. Na so in ce ya rage karɓar ɗinki, na fasa. Kuɗin makarantar yara da na rago daga waɗannan makonni suke fitowa, shi ma ya san lissafinsa fiye da ni. Muka tsaya a kan ya miƙe tsaye duk lokacin da ya gama wuyan riga ɗaya, ya zagaya shagon, ya sha ruwa.

A watan Satumba na bi ta wurin ana yayyafi, na tsaya na fake. Na roƙi in taɓa kafaɗar. Zaren mai tauri yana nan, ƙullin ma ana jin alamarsa, in an matsa da zafi, amma ba ya aika komai zuwa kai. Irin wannan shi muke ce wa mai barci, yana iya shekaru a haka, yana kuma iya farkawa. Babban yaron shagon, mai shekara 19, shi ne yanzu ke murza wuya yana yamutsa fuska. Baba ya ce ya ba kafinta aikin benci biyu tun bayan Sallah, ya biya rabin kuɗi, har yau bai kawo ba.